Ranar da Kaka Ta Hau Kekena

A gidan Kaka ba a fara labari sai an gama cin tuwo, an wanke kwanuka, an kora awaki sun shiga ɗakinsu. Daga nan ƙanena Dogara zai jawo kututturen da ya kwana yana ci a hankali, ni in ɗora masa ƙirare, mu tura gwaza cikin toka mu zauna jira. Ƙauyen yana can bayan Fadan Kagoma, a gindin duwatsu. Idan Disamba ta kama, duk inda ka juya citta ce aka tsaga aka shanya, a kan dutse, a bakin hanya, har a filin coci. Ƙamshinta yana kama riga, yana kama gashi. In muka koma Kafanchan ban taɓa buƙatar gaya wa 'yan ajinmu inda na je ba, hancinsu ne ke gaya musu.

Da keke muke zuwa, kusan kowace Asabar. Baba malamin firamare ne, yana da wani dogon baƙin keke da ya gada daga mahaifinsa. Shi ke gaba, Dogara a kan sandar keken yana riƙe da ƙararrawa kamar shi ya ƙera ta. Mama, wadda ke aikin jinya a wani ƙaramin asibiti, tana biye a nata keken, ni kuma ina zaune a kariyar bayanta, wurin ɗaura kaya, rungume da ledar burodi da sabulu. In mun zo hawa kowa ya sauka a tura. In mun zo gangara Baba ya saki ƙafa yana ihu, Mama tana binsa da faɗa, "Malam, da yaro a gabanka fa!" Ban san wani daɗi da ya kai wannan tafiya ba. Abu ɗaya ne kawai ke ci mini rai: na yi girma, amma har lokacin ɗaukata ake yi kamar buhu.

Kaka gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, hannunta ya yi kaushi saboda tsagar citta. Da Hausa take mana labari, don yarenmu ya tsaya mana a kunne, bai sauko baki ba. Hausarta kuwa irin ta tsofaffinmu ce, wadda aka koya a kasuwa da coci. A bakinta kowa "kai" ne, mace ko namiji. Kafin ta fara sai ta daki itacen wuta da sandarta, tartsatsi ya tashi, ta ce, "Wa ke da kunne a nan?" Mu ce, "Mu ne!" Ta ce, "To, ku ara mini."

A shekarar da nake magana akwai abin da ke damun Kaka, kuma kowa a gidan ya sani. Tana da ƙawa, Kaka Talatu, a wata unguwa da ke ƙetaren rafi. Rani ɗaya aka kawo su aure yankin, shi ya sa har suka tsufa ba sa kiran juna da suna, "Amarya" kawai suke cewa. Tare suka yi noma, tare suka shiga Zumuntar Mata ta coci, kowacce ta karɓi haihuwar 'yar'uwarta. To, Kaka Talatu ta kwanta ciwo tun damina, kuma masu zuwa daga can sun daina cewa da sauƙi, sai dai su ce, "Sai addu'a." Gwiwoyin Kaka kuwa sun riga sun ƙi ta. Cocin da ke bakin gida ma sai ta huta a hanya kafin ta kai. Mota ba ta shiga unguwar su Kaka Talatu, 'yar siririyar hanya ce ta cikin gonaki.

Baba ya yi iya nasa. Ya kawo mai mashin, Kaka ta ce abin da ke kuka haka ba zai ɗauke ta ba tana da rai. Ya ce zai goya ta, ta ce ranar da ɗanta ya goya ta a idon jama'a, a wuce da ita kabari kawai. Dogara ya kawo shawarar baro, ya sha sanda. Da Baba ya nuna baƙin kekensa, sai ta kawar da kai. A bayan wannan keken ne mijinta ya yi ta yawo da ita, kasuwa, biki, jana'iza, taron coci, kuma tun da ya rasu ko taɓa shi ba ta yi. "Na aika gaisuwa," in ji ta. "Ya ishe shi. Ni ba inda zan je." Baba mutum ne mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Ya bar zancen, ransa ba daɗi.

Ana cikin haka na cika shekara goma sha biyu. Baba ya san ba abin da ake ɓoyewa a gidanmu na Kafanchan ban tono shi ba, don haka tun farkon mako ya ba direban motar citta saƙo aka kai ɗakin Kaka. Da muka iso ranar Asabar, aka ce in shiga in ɗauko mata sandarta. Ina shiga na gan shi jingine da gadonta. Keke ne, kore, na mata, ba sabo fil ba amma yana sheƙi, da kwando a gaba da kariya a baya. Na yi ihun da ya watsa kajin tsakar gida. Na fito na rungume Baba, na rungume Mama, na rungume har Dogara da muke gaba da shi tun safe.

Kaka tana zaune tana kallona. "Ikon Allah," ta ce. "Ni na sha wahala na haifi uban, uwar ya sha wahala ya haife ka, amma kai ne da keke. Alheri, me ka yi? Fitowa kawai ka yi." Muka yi ta dariya. Sai ta tashi da ƙyar, ta zo ta dafa kariyar, ta danna ta da hannu biyu. "Wannan ba shi da tsawo," ta ce. "Ko mutum ya faɗi, ƙasa na kusa." Na ɗauka ni take kwantar wa hankali, don ban iya tuƙi ba tukuna. Baba ya yi mini alkawarin gobe bayan sujada zai koya mini a filin makaranta. Yinin nan ban ci abincin kirki ba. Na yi ta tura keken ina zagaya tsakar gida, da aka hura wuta kuma na jingine shi inda haske zai riƙa dukansa.

Labarin da Kaka ta bayar a yammacin nan ban taɓa jinsa ba, su Baba ma haka. Wai akwai wata tsohuwar Kunkuru a bakin wani babban kogi, ƙawarta Hawainiya kuma tana ƙetare. A unguwar akwai ɗan Bushiya wanda ubansa ya ba shi sabuwar ƙwarya. Sai ya sa ta a ruwa, ya shiga ciki, ya riƙa tuƙawa da ludayi, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Kullum da yamma Kunkuru takan lallaɓa ta zauna a bakin ruwa. In ya zo wucewa ya ce, "Sannu, Kaka, me kike yi a nan?" Ta ce, "Rana nake sha, ɗana." Ya ce, "A sha lafiya," ya wuce. Yaro ne mai ladabi, bai taɓa wuce ta bai gaishe ta ba, wani lokaci har 'yan kifaye yake kawo mata. Ita kuwa abin da take kallo shi ne hayaƙin gidan Hawainiya. Muddin yana tashi, ta san ƙawarta ta iya hura wuta. Hayaƙin ya yi ta raguwa, ya yi ta raguwa, har wata yamma bai tashi ba.

A nan Kaka ta tsaya, ta juya gwaza a cikin toka, ta daɗe tana juyawa. Sannan ta ci gaba da murya ƙasa-ƙasa. "Ɗan Bushiya ya zo ya same shi yana kuka. Ya ce, 'Kaka, don me ba ka gaya mini ba? Ai da na kai ka.' Kunkuru ya ce, 'Ni da girma na, yaya zan buɗe baki in roƙe ka? Amma kai da ido biyu, ka taɓa ganin mai shan rana ya ba rana baya?'"

Muka zuba mata ido muna jira.

"Sai me?" in ji Dogara.

"Shi ke nan. Ga kunnen ku, na mayar."

Dogara ya ce bai yarda ba. Labaran Kaka duk suna ƙarewa da wani ya ci ya ƙoshi, ko wani ya sha duka, wannan kuwa ba ko ɗaya. Sai Baba ya gyara murya irin ta gaban aji. "Alheri, kin ji darasi ko? In Allah ya ba ki abu, ki riƙa barin ƙanenki ya ɗana." Dogara ya ce lallai wannan shi ne darasin. Kaka ta kalli wuta ta ce, "Ticha ya faɗa." Na waiwaya wajen Mama. Gyaɗa take ɓarewa, amma na lura hannunta ya tsaya. Ta dubi surukarta, ta dubi kekena, ta sunkuyar da kai.

Da safe, kafin ƙararrawar coci, Mama ta kira ni da Baba bayan rumbu.

"Malam, ka ji labarin jiya kuwa?"

"Na ji mana."

"Ba ka ji ba. Ni kullum a wurin aiki ina ganin tsofaffi irin su Mamanka. Ka tambaye su ina ke ciwo, su ce ba komai, alhali hannunsu yana kan wurin. Motar citta ce ta kawo keken nan, amma ka ga datti ko ɗis a jikinsa? Wa kake zaton ya yi ta goge shi duk makon nan?"

Baba ya cire tabarau, ya tsaya kamar wanda aka zuba wa ruwan sanyi. "Wayyo, Mamana," ya ce. Ya juya zai nufi ɗakinta, Mama ta kama bakin rigarsa.

"In ka je ka ce za ka taimake ta, ta ƙi ke nan har abada. Ka bar ni da ita." Sai ta juyo gare ni. "Alheri, kekenki ne. Ba mai taɓa shi sai kin yarda. In kin yarda kuma, koyon yau ya sha ruwa."

Ba zan ce zuciyata ba ta yi nauyi ba. Daren jiya da ƙyar na runtsa saboda ɗokin filin makaranta. Amma hayaƙin nan da bai tashi ba ya fi ƙarfina. Na ce na yarda, da sharaɗi ni zan riƙe kan keken.

Bayan sujada Mama ta je ta durƙusa a gaban Kaka. "Mama, roƙo muka zo yi. Keken jikarki baƙo ne a gidan nan, kuma kin san titin Kafanchan da motoci. Ba ma so ta fara hawa sai babba ya zauna a kansa ya sa masa albarka."

Kaka ta ɓata rai. "Ku 'yan birni da fitina. Addu'a daga nan bai isa ba?"

"Bai isa ba, Mama. Sai ya ɗan yi tafiya da ke."

"Zuwa ina?"

"Duk inda kika ga dama."

Kaka ta ɗaga kai sama kamar mai dogon tunani. "To," ta ce, "tunda kun nace. Hanyan rafi ya fi laushi." Ta shiga ɗaki. Kafin Baba ya gama ɗaure matashi a kan kariya har ta fito, sanye da zanen Zumunta, ɗankwali ya zauna daram, ga ƙunshi a hannu wanda kowa ya gani ya san ba ranar aka ƙulle shi ba. Garin acca ne a ciki, da citta, da man shafawa, da ɗan bargonta. Ba wanda ya yarda ya haɗa ido da wani, don kada dariya ta tona mu.

Haka kekena ya yi tafiyarsa ta farko, ba wanda ya taka masa feda. Kaka ta zauna a karkace a kan matashi tana riƙe da sirdi. Ni ina riƙe da kan keken, Baba yana baya da hannunsa a gadon bayanta, Mama tana biye tana tura nata keken da ƙunshi. Dogara kuwa ya naɗa kansa mai buga ƙararrawa, ko da akuya ce a hanya ko babu. Na zaci zan sha nauyi. Ashe Kaka ba ta da nauyi ko kaɗan, kuma wannan ya fi nauyin ba ni tsoro. Matan da ke zaune a inuwa suka miƙe suna guɗa, suna tambayar ina zuwa. Kaka ta riƙa ɗaga musu hannu tana cewa, "Albarka nake sa wa keke." A bakin rafi Baba ya naɗe wando, muka shiga ruwan da ya tsaya mana a ƙauri, Kaka ta ɗage ƙafafu tana rera waƙar Zumunta da ƙarfi don kada mu gane tana tsoro. Takalmina na coci bai ƙara komawa daidai ba.

Da muka fara hawa tudun ƙetare, waƙar ta tsaya. Na waiwaya na ga Kaka ta miƙe wuya tana leƙen saman rufin gidaje. Na gane abin da take nema, na shiga taya ta nema. Can muka hango shi, siriri, yana fita ta cikin jinkar ɗakin Kaka Talatu, inda ake ajiye mata wuta saboda sanyi. Kaka ta sauke numfashi. "Ku yi sauri," ta ce. Tun da nake da ita, ranar ce na fara jin ta roƙi wani abu da bakinta.

Ɗakin duhu ne, yana warin hayaƙi da magani. Kaka Talatu ta ƙanƙance a ƙarƙashin bargo, idonta ya yi fari. Kaka ta tsaya a bakin ƙofa tana dogare da kafaɗata, ta yi magana da yarenmu, inda bakinta ba ya tuntuɓe. Wannan kam kunnena ya kama duka.

"Amarya, wace irin kwanciya ce wannan da rana tsaka? Citta tana jiranmu."

Bargon ya motsa. "Amarya? Ke ce?"

"In ba ni ba, wa zai zo ya yi miki faɗa?"

"Da me kika zo?"

"Da keke."

Tsohuwar ta yi dariyar da ta koma tari. "Har yanzu ba ki daina ƙarya ba."

"Ga direbana nan, taɓa ki ji."

Aka tura ni gaba na durƙusa. Hannu mai sanyi ya shafa fuskata, ya sauko ya kama yatsuna, ya daɗe bai saki ba. Sannan Kaka ta zame takalmi, ta hau gadon, ta kwanta a bayan ƙawarta, ta ja bargon da ta zo da shi ta rufe su duka biyu. Ba ta ko kalle mu ba ta ce, "Ku tafi. In na gama sa albarka zan aiko."

Muka juyo da kariya ba kowa. Baba ya yi ta share tabarau da bakin riga, yana cewa hayaƙin ɗakin ne ya shiga idonsa. Da muka kai wani shimfiɗaɗɗen wuri bayan rafi, ya ce, "Hau." A nan na koyi keke, a kan hanyar gona, kuma a cikin kunyar cittar wani bawan Allah na yi faɗuwata ta farko. Kaka kuwa ta zauna can. Ita ke dama wa ƙawarta kunun acca, ita ke shafa mata mai a ƙafa, kuma mutanen gidan sun ce sukan ji su suna dariya kamar 'yan mata. Ana gab da sabuwar shekara Kaka Talatu ta cika, wata safiya, hannunta a cikin na Kaka. Bayan jana'iza muka je muka dawo da ita gida yadda muka kai ta.

Daga baya na roƙi Kaka ta sake ba mu labarin Kunkuru, ko za ta gyara ƙarshen. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wane Kunkuru? Ni ban san shi ba."

Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin taurin kai. Da na zama budurwa har haushi nakan ji in na tuna, in ce da Mama ba ta wurin fa? Da girman kai ya sa tsofaffi biyu sun rabu ba sallama. Sai da na yi nawa gidan na fara gane wa Kaka. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa shi ake zuwa wurinsa, shi ke bayarwa, shi ke ɗauka, idan ƙarfi ya tafi, abin da ya rage masa kawai shi ne kada ya zama kaya a wuyan 'ya'yansa. Ba zai saki wannan ba ko da zai cutu. Amma yakan bar ƙofa a buɗe kaɗan, ya zauna yana fatan wani zai lura. Ban ce haka ya fi ba. Na dai san haka namu suke, kuma ina ƙaunarsu a haka.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Mama ma ta bi ta bara, ta bar Baba shi kaɗai a gidan Kafanchan, ta bar ni kuma da aikin da ita ce ta iya shi. Ina Kaduna da mijina da 'ya'ya biyu. Duk lokacin da na kira, amsar Baba ɗaya ce: lafiya lau, kada in damu, mu riƙe aikinmu. A makon jiya shi ya kira. Ya ce mangwaron bayan gida ya yi 'ya'ya bana fiye da kowace shekara, har zuba yake yi, awakin maƙwabta ne ke ci. "Ba wai wani abu ba," in ji shi, "labari kawai nake ba ki." Muka yi hirar coci, muka yi ta wutar lantarki, sai ga shi ya sake komawa kan mangwaro.

Na ajiye wayar. Sannan na sake kiransa. Na ce, "Baba, taimako nake nema. Yaran nan sun hana ni sakat a kan koyon keke, ni kuma ba ni da haƙurinka. Ko za mu kawo maka su wannan hutun?"

"Kin san abubuwa sun yi mini yawa," ya ce. "Amma bari in duba ko zan samu lokaci."

Har yau Baba bai iya kashe waya daidai ba. Ina riƙe da tawa a kunne na ji ƙarar kujera, na ji takunsa da sauri, na ji shi yana ƙwala wa maƙwabciya kira, wai a zo a taya shi share ɗakin baƙi.